Girgizar Asabar a Gidan Mma Adiza

Nyam mutum ne mai sanyin hali. Ka zagi rigarsa, ka zagi tsohuwar motarsa, ka haɗa da garinsu Bukuru, dariya zai yi ya wuce. Amma ka kuskura ka ce na'urarsa ta yi ƙarya, to ranar za ka san yana da baki.

Shekara uku ya yi yana ƙera ta a wani lungun ɗaki na jami'a a Manchester, ɗakin da ko taga babu. Ɗan baƙin akwati ne, bai fi gwangwanin kifi girma ba, ana kafa shi a jikin bangon gida. Idan ƙasa ta girgiza sai ya auna irin tangaɗin da ginin ya yi, ya tura saƙo zuwa kwamfuta, ita kuma ta kunna ɗigo a kan taswira. Kore, gida lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a je a duba. Ja kuwa, gini ya rufta ko yana shirin ruftawa, masu ceto su fara da nan. Da farko digiri yake nema da shi kamar kowa. Sai aka yi tsunamin ƙarshen shekarar 2004, ya zauna gaban talabijin yana kallon mutane suna tono da hannu a inda babu kowa, alhali wataƙila mai rai yana can layi na gaba yana jira. Tun daga ranar abin ya shiga ransa sosai, har matarsa Rebecca ta daina tambayarsa ya aiki, sai dai ta ce ya jikin akwati.

Matsalar ita ce Manchester gari ne da ba ya girgiza. Ya ɗan taɓa motsawa a 2002, kofuna suka yi ƙara a kicin, aka yi mako guda ana ba da labari, shi ke nan. Duk da haka dole a gwada akwatunan a gidajen gaske, ko don a tabbatar ba sa ihu a banza. Turawan unguwarsu ta Hulme da ya tuntuɓa, kowa sai ya nemi takarda da sa hannu da wanda zai ɗauki alhakin ramin ƙusa. Sai ya koma wajen nasa: mutanen cocinsu da ke Hulme da Withington, da 'yan Ghana na Old Trafford. Cikin mako biyu ya kafa akwati goma sha biyu, kuma babu gidan da ya fita bai ci abinci ba.

Na bakwai a gidan Mma Adiza yake. 'Yar zangon Kumasi ce, ta doshi sittin, mijinta ya rasu tuntuni, aikinta raba wa yara abinci a wata firamare. Lokacin da Nyam ya sauka Ingila shi kaɗai da jaka ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai, ɗakinta na sama ya zauna wata takwas kafin Rebecca ta iso. Ita ta koya masa hawa bas, ita ta kai shi wajen likita da mura ta kwantar da shi, ita kuma ta zauna kusa da shi ranar da aka bugo waya daga Bukuru cewa mahaifiyarsa, Ngo Kachollom, ta rasu, ga fasfonsa a hannun hukuma ana sabunta masa izinin zama, babu halin tafiya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Injiniya take ce masa tun kafin ya ƙera ko cokali.

Ranar da ya zo kafa akwatin ta ce ya zaɓi duk bangon da ya yi masa. Ya zaɓi ɗakin ƙasa, irin ramin nan da tsofaffin gidajen unguwar suke da shi, don can ne kusa da tushen gini. Wurin duhu, ga warin danshi. Hannunsa bai kai inda yake so ba, sai ya ga wani abu a kusurwa an kife shi an lulluɓe da tsohuwar atamfa, ya jawo shi ya taka, ya buga ƙusarsa. Mma Adiza tana tsaye a kan matakala ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kuma ta rufe.

Wata guda komai kore shar. Ko da yake ba haka ba ne, komai kore ban da na bakwai. Duk ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna, sai ɗigon gidan Mma Adiza ya yi ja wur, ya zauna a haka kusan minti arba'in, sannan ya koma kore kamar ba shi ba. Nyam kuwa Asabar da safe yana gadi a wani babban kanti, sai dai wayarsa ta yi ƙara a aljihu ta sanar da shi gidan ya rushe. Karon farko ya bar bakin aiki a guje, ya tari tasi, ya iso ƙarfe sha biyu da rabi ya tarar da ita a ƙofar gida tana share dandamali.

"Lafiya, Injiniya? Wa ya biyo ka?"

"Babu kowa, Mma. Na zo gaisuwa ne."

"Da rigar security? To shigo ka ci abinci."

Ya ci sakwara da miyar gyaɗa har da ƙari, ya koma wajen aiki ya sha faɗa.

Daga nan bincike ya tashi. Ya canza batir. Ya canza waya. Ya cire akwatin gaba ɗaya ya kafa sabo, sabon ma ya bi sahun tsohon. Ya zargi jirgin tram da ke wucewa ta unguwar, ya samo jadawalinsa, bai dace ba. Ya zargi 'yan kallon ƙwallo, sai ya ga har ranar da ba a wasa gidan yana rushewa. Ya zargi injin wanki, ta ce ita Lahadi take wanki. Ya buga zanen girgizar a takarda ya manna a bangon ɗakinsa, ya dinga kallonsa kamar hoton wanda ya gudu da kayansa. Zanen ba irin na girgizar ƙasa ba ne. Tsini biyu manya, sai ɗan shiru, sai ƙarami ɗaya, a sake, a sake. Har ya kai ga yana buga shi da yatsa a kan tebur bai sani ba, a coci ma a kan benci, sai Rebecca ta dafe masa hannu.

Da abin ya ishe shi ya tura mata tes. 'Yarta ce ta koya mata rubutu a waya, kuma kullum da manyan baƙaƙe take yi, kamar mai kiran wani daga tsallaken titi.

"Mma, jiya Asabar da sha daya kina ina?"

"INA DAKA."

Wayoyin wancan lokaci ba su san harafi mai lanƙwasa ba. Ƙasa da kasa duk ɗaya suke fitowa, mai karatu shi zai sa wa kowace kalma ƙugiyarta a ransa, kuma kowa ya saba. Nyam ya karanta ya sa ƙugiya: tana ɗaka, wato tana cikin ɗaki abinta.

"Kin ji wani motsi a gidan?"

"BABU KOMAI SAI ALHERI."

Mako na gaba ya kira ta da baki, ko za a fi fahimtar juna. To Hausar Kumasi ba ta wahalar da harshe wajen lanƙwasa, Hausar Bukuru ma ba gwanar hakan ba ce. Ta ce masa, "Na gaya maka, ina daka. Every Saturday ina daka, ina za ni?" Ya ce to, Allah ya huta gajiya. Ta ce amin, gajiya kam akwai ta. Ya kashe waya yana mamakin yadda zaman ɗaki yake gajiyar da tsofaffi.

Sau ɗaya ya roƙi wani abokin aiki suka yi musayar rana, ya zo gidan tun ƙarfe goma ya zauna a falo da kwamfuta a cinya, ya kasa kunne. Mma Adiza ta kawo shayi, ta kawo biskit, ta zauna tana ba shi labarin rikicinta da council a kan kwandon shara. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, ɗigo kore shar. Ta dafa masa shinkafa da wake. Ya fita yana jin kamar akwatin da ya ƙera da hannunsa ne yake masa gwalo.

Ana cikin haka takarda ta zo. Wani kwamiti na ƙungiyoyin agaji zai zauna a Birmingham ya duba ƙirƙira biyar, ya zaɓi ɗaya da za a kai garuruwan bakin teku da tsunami ya shafa, irin na Sumatra, a gwada. Wadda ba a zaɓa ba sai kabad. An ba Nyam rabin awa, ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya daidai.

Malaminsa, Farfesa Whitlow, dogon Bature mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mara lafiya a ɗakin, ya kira shi ofis.

"Nyam, gida goma sha ɗaya ma adadi ne mai kyau. Cire na bakwai daga taswirar."

"Farfesa, idan yana ƙarya a Old Trafford zai yi ƙarya a Sumatra. Idan kuma gaskiya yake faɗa, ni ne ban gane ba."

"Ka gane bayan Asabar."

Nyam ya ce zai duba. A bakinsa, zai duba yana nufin a'a, amma Farfesa shekara uku bai koyi wannan ba.

Dabarar da ya yi ita ce ya ajiye shaidu. Idan ɗigon ya yi ja a gaban kwamiti, zai kira gidan nan take, mutum uku masu ido da kunne su faɗi abin da ya wuce, ko babbar mota ce ko aikin titi. Ranar Juma'a da yamma ya rubuta mata, shi ma da wayarsa marar ƙugiya:

"Mma, gobe ma kina daka?"

"IN SHA ALLAH."

"Don Allah ki dage daga sha daya har sha biyu, kada ki fasa. Manyan mutane za su duba gidanki daga Birmingham. Ki samo mutum biyu su taya ki."

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo. "HAR AWA GUDA? TO SABODA KAI NE."

Ya ji daɗi har ransa. Ya ce wa Rebecca irin Mma Adiza ba su da yawa, dubi yadda zaman awa guda yake mata wuya amma ta yarda.

Zauren na Birmingham bai cika ba, mutum talatin ne ko ƙasa da haka, amma bakwai na gaba su ne masu yanke hukunci. Shugabarsu wata Baturiya ce mai furfura da tabarau a kan hanci. A ƙarshen teburin akwai wani baƙin mutum siriri da hula zanna, an rubuta Dakta Falalu a gabansa. Nyam ya lura da shi, amma tsoro bai bar shi ya je gaisuwa ba.

Ya fara da kyau. Taswirar Manchester ta fito a farin allo, ɗigo goma sha biyu kore shar, Farfesa Whitlow ya ƙirga su da ido ya kai sha biyu, ya juyo ya dube shi, Nyam ya yi kamar yana neman wani abu a takarda. Ya yi bayanin awar farko bayan girgiza, yadda a cikinta ake samun masu rai, da yadda ake ɓarnatar da ita wajen neman inda za a fara. Shugabar ta tambaye shi sau nawa na'urar take kuskure. A nan ne bakin nan nasa ya rigaye shi.

"Na'urata ba ta ƙarya," in ji shi.

Ko rufe baki bai yi ba na bakwai ya yi ja.

Wannan ya shirya masa. Abin da bai shirya masa ba shi ne lambar da ta fito a gefe, wadda ta ninka ta kowace Asabar sau uku, tana kuma hawa. Sannan ɗigo na takwas, gidan Saaka direban tasi, wanda bango ɗaya ya raba su da Mma Adiza, ya tashi daga kore ya koma ruwan ɗorawa. Wata uku na takwas bai taɓa ko ƙyaftawa ba. Akwati ɗaya yana iya haukacewa, amma biyu ba sa haɗa baki. Nyam ya ƙura wa allon ido. Ya tuna danshin ramin nan, ya tuna tsufan bulon, ya tuna wata uku ke nan ginin yana gaya masa wani abu shi kuwa yana canza batir. Kuma shi da hannunsa ya ce mata ta zauna a ciki kada ta fasa, har ta gayyato mutane.

"Wannan cikin gwajin yake?" in ji shugabar.

Nyam ya zaro waya. Ya kira lambar Mma Adiza, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake, shiru. Ya kira Saaka, aka ce yana filin jirgi da fasinja. Ya rubuta mata: "Mma kuna ina? Ku amsa don Allah." Kowa a zauren ya ga fuskarsa ya san ba wasan kwaikwayo ba ne. Minti biyu da suka fi masa shekara ukun nan tsawo, sai waya ta yi ƙara.

"HAR YANZU MUNA DAKA MU UKU. HANNUN ZUWEIRA YA FASHE. SALIMATU BA TA IYA NUMFASHI. SAURA MINTI NAWA."

"Yesu!" in ji Nyam da ƙarfi, cikin makirufo. Ya juya ga zauren ya gaya musu da Turanci cewa gida ya rufta da mata uku a ciki, ɗaya ta ji rauni, ɗaya numfashinta yana ɗaukewa, suna tambayar yaushe ceto zai iso. Wata mata ta dafe ƙirji. Farfesa Whitlow ya miƙe yana laluben wayarsa zai kira 'yan kwana-kwana. Shi kuwa Nyam ya manta da kwamiti, ya manta da Sumatra, hawaye kawai yake ji suna taruwa, sai maimaitawa yake da Hausa, "Suna daka, suna daka, ni na sa su."

"Malam, in ga wayar nan."

Da Hausa aka yi maganar, Hausar Kano tsantsa. Dakta Falalu ne ya taso ya miƙo hannu. Ya karanta saƙon, ya koma sama ya karanta na jiya, ya koma na makon jiya. Ya ɗaga kai ya dubi zanen da ke rawa a allo, ya ɗan karkata kunne kamar mai sauraron kiɗa daga nesa. Sannan ya ɗaga wa Farfesa hannu alamar ya dakata.

"Malam Nyam, daka ko ɗaka?"

"Ai abin da na ce ke nan, ranka ya daɗe. Daka."

"A'a. Saurara da kyau. Ɗaka," ya nuna ƙasa da yatsa, ya zana ɗaki a iska. "Daka," ya dunƙule hannu biyu ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke. "Wanne baiwar Allah take yi?"

Kafin Nyam ya amsa wayar ta yi ringin a hannun Falalu, shi kuwa, da yake Bakano ba ya barin abin dariya ya wuce shi, ya danna lasifika ya kara ta a makirufo.

Abin da ya fara cika zauren ba murya ba ce. Dum, dum, dum, dum, taɓare suna faɗawa turmi bi da bi, lugude sosai, har da wata mai tafi a tsakani. Sannan muryar Mma Adiza ta fito tana haki.

"Injiniya! Ka yi ta kira, hannuna duk rogo. Mun daka rogo, mun daka agade, mun daka doya, yanzu babu abin da ya rage a gidan nan sai gyaɗar miya ita muke dakawa. Manyan naka sun gani? Zuweira ta ce ita ta yi retire. Mu tsaya ko mu ci gaba?"

"Mma," in ji Nyam da wata 'yar murya, "turmi ne da ke a gidan?"

"Ka ji shi! A cellar mana, ɗakin ƙasan nan. Tun da Baturen gefen hagu ya kai ni council a kan noise na koma can. Sau nawa zan gaya maka ina daka?"

"Ranar da na zo na zauna fa? Ba ki yi ba."

"In bar baƙo a falo in shiga rami? Haka aka koya maka a Jos?"

Falalu ya riga ya zauna a gefen dandamali yana share hawaye da hularsa. Sauran zauren suna kallo, ba su san ko mutuwa aka yi ko haihuwa ba. Dole Nyam ya koma gaban makirufo ya fassara da bakinsa: babu gidan da ya rushe, mata uku ne suke kirɓa abincin rana, kuma shi ya umarce su. Sai da ya bayyana menene turmi, ya kwatanta tsawon taɓarya da hannu. Dariyar da aka yi, har mai gadin ƙofa sai da ya leƙo. Farfesa Whitlow ya zauna a hankali ya rufe fuska da takardar shirin taro.

Da aka lafa shugabar ta gyara tabarau. "To, Mista Nyam. Ɗazu ka ce na'urarka ba ta ƙarya."

Wannan ita ce tambayar da ya fi tsoro a duniya, ga ta kuma ta zo a gaban mutum talatin. Ya dubi ɗigon ja. Yana iya cewa ai motsi ta ji, kuma motsi an yi. Amma ja ba motsi yake nufi ba, shi ya rubuta ma'anarsa da hannunsa.

"Ta yi," in ji shi. "Ta ce gida ya faɗi, gida yana tsaye. Wata uku tana yi, malamina ya ce in ɓoye, ni kuma na ƙi ɓoyewa na kuma kasa ganewa." Ya fara naɗe wayoyinsa. A ransa ya riga ya ga kabad ɗin da za a saka akwatunan, har ya ga ƙurar da za ta hau kansu.

"Kafin ya tafi," in ji Falalu da Turanci, ya koma kujerarsa ya gyara hula. "Na yi wata huɗu a garuruwan da muke maganar kai kayan nan. Babu gidan da na shiga ban ga turmi ba, na shinkafa ko na kayan yaji. Ƙirƙira huɗu muka gani yau da safe, duk a ɗakin gwaji aka auna su, ko a gidajen da babu mai daka komai. Duk wadda muka kai can, ranar farko za ta ce mana gari ya rushe da hantsi, mu kwashi motoci mu tarar ana girki. Mutum ɗaya ne a nan yake da wata uku na zanen turmi a kwamfutarsa, kuma ya same shi ne don ya ƙi cire gidan daga taswira." Ya juyo ga Nyam ya koma Hausa. "Za ka iya koya wa akwatin nan bambancin daka da girgiza?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

"To kai ma ka samu mai koya maka bambancin daka da ɗaka."

Ba a zaɓi na'urarsa kai tsaye ba. An ba shi wata shida ya dawo da akwatin da ya san turmi, in ya yi, nasa za a kai. A jirgin ƙasa na komawa, da suka wuce Stoke, Farfesa Whitlow ya tambaya a hankali ko ana iya samun irin wannan turmin a saya wa sashe.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Nyam ya ƙwanƙwasa ƙofar Mma Adiza. Falo cike da kwanuka, sakwara mulmule-mulmule an rufe da leda, wadda za ta ciyar da layin gaba ɗaya. Zuweira tana kwance a doguwar kujera da tsumma a hannu, ta dube shi ta kau da kai. Ya durƙusa ya ba kowa haƙuri, ya ba da labari tun daga farko. Mma Adiza ta yi dariya har ta riƙe bango.

"Yanzu duk karatun nan naka, Injiniya, turmi ne ya kayar da kai?"

"Shi ne kuma ya tashe ni, Mma. Ina son in gan shi."

Suka sauka ramin. Ga shi nan a tsakiya, baƙi, bakinsa ya sha hannu har yana sheƙi, ga tsohuwar atamfar a ninke a gefe. Nyam ya gane atamfar. Ya dubi turmin, ya dubi akwatinsa a bango, ya auna tsayin da ido.

"E, shi ne," in ji ta. "Na kakata ne, daga Kumasi na taho da shi a jirgin ruwa. Ka taka min shi da takalmi. Na yi shiru don kai ne, amma sai da na wanke shi sau uku."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido. Can ya ce, "Mma, ki ɗan buga min. Ke kaɗai, yadda kike yi kullum."

"Hannuna ya mutu, ɗan nan."

"Kaɗan kawai."

Ta yi tsaki, amma ta watsa sauran gyaɗar a ciki ta ɗauki taɓarya. Nyam ya zauna a kan matakala. Dum, dum, sai ta tsaya ta juya da hannu, sai ƙarami ɗaya. Dum, dum, shiru, ƙarami. Yatsansa ya kama bi a kan gwiwa tun kafin ya lura. Wata uku yana kallon abin nan a takarda yana kiransa da sunayen Turanci, alhali da shi aka tashe shi daga barci duk safiyar yarintarsa, Ngo Kachollom a bayan ɗaki tana surfa acca, biyu manya, ta juya, ƙarami ɗaya. Bai je jana'izarta ba, bai kuma yi mata kuka yadda ya kamata ba, kullum yana cewa sai ya gama. Yanzu kukan ya zo da kansa, a ramin wani gida a Old Trafford, ya kuwa ƙyale shi.

Mma Adiza ba ta juyo ba. Ta dai ce, kamar da turmin take magana, "Barkonon da muka daka ɗazu da ƙarfi yake, har yanzu yana cikin iska." Ta ci gaba da bugawa a hankali.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa, akwati na bakwai yana sanar da shi gida ya rushe. Ya bar ta tana yi.